Amanar Wankan Hajiya Maimunat

Shekara talatin da ɗoriya Dijatu ta yi tana wanke matan Dundaye idan sun cika, kuma ba a taɓa jin kalma ɗaya daga bakinta game da abin da ta gani a ɗakin wanka ba. Ba wai shiru-shiru gare ta ba. A kan tsadar manja ko ragwancin matan zamani tana iya wuni tana zuba, har mai sauraro ya fara laluben takalminsa. Amma da zarar wata ta matso ta rage murya ta ce, "Inna Dije, wai da gaske na marigayiya..." sai ta tashi ta kama wani aiki. Tsohuwar da ta koya mata wanka ta ce mata duk aibin da mai wanka ta gani a jikin mamaci amana ne, da shi za ta shiga nata kabarin. Dijatu ta riƙe wannan magana gam.

Wannan riƙon ne ya kai sunanta har cikin birnin Sakkwato, wani gidan malamai mai dogon zaure, inda Hajiya Maimunat take. Hajiya ce da kanta ta aika aka kira ta, suka saba, har daga baya ta nema wa ɗanta Abdulshakur auren Wasila, autar Dijatu. Dangin gidan sun yi ta ƙunƙuni a kan abin da ya haɗa jikan malamai da 'yar manoman shinkafa. Hajiya dai ta sa aka ɗaura auren.

Mace ce mai kamewa. Fuskarta na da ƙananan ramuka a kan hanci da kumatu, waɗanda kowa ya sani zanen agana ne tun tana yarinya, kullum kuma a rufe suke da hoda. Ko a tsakiyar zafin bazara, lokacin da matan gida ke zama da ɗaurin ƙirji suna fifita, ita tana cikin riga mai dogon hannu. Ƙafafunta ba sa rabuwa da baƙin lalle har kan farce. Mutane suka ce tsoron Allah ne da tsabta, kuma ba su yi ƙarya ba, tana da su duka biyun.

Wata rana ta riƙe hannun Dijatu ta ce, "Dije, in ta Allah ta kasance, ke za ki yi mani wanka. Ke ɗai. Ko ɗiyan da nih haihwa ban yarda su shigo ba."

Ta Allah ta kasance shekara bakwai da suka wuce. Da hantsi Hajiya ta dafe kwiɓinta na hagu ta ce wani abu ya tsinke mata a ciki, kafin la'asar an rufe mata ido. Dijatu ta shiga ɗakin wanka da wata tsohuwa mai zuba mata ruwa, wadda idonta ya riga ya mutu, ita ma yanzu ta bi bayan Hajiya.

A nan ta gani. Da ruwa ya ɗauke hodar, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle jajaye a lungun hanci, tsakanin ramukan nan, kuma ramukan ba su yi kama da na agana ba, sun fi kama da inda askar wanzami ta taɓa bi. A gadon baya akwai fararen tabo uku, dogaye masu tsini kamar ganyen dalbejiya. A ƙugu akwai wani wuri mai kauri da kaushi. A gefen farcen ƙafa, ƙarƙashin lallen, wani ɗan nama ya tsiro. Cikin kuma ya kumbura ta gefe guda, ya yi tauri. Dijatu ta yi abin da ya kawo ta, ta sa likkafani, ta fito ta ce wa 'ya'yan mamaciyar mahaifiyarsu ta yi kyan gawa. Matan da ta wanke a rayuwarta sun fi ɗari uku, yawancinsu ta manta kamanninsu. Wannan ce ta ƙi barinta.

Zakiyya, 'yar Wasila ta fari, tana da shekara huɗu lokacin rasuwar. Tana shiga ta bakwai wasu 'yan ƙuraje suka feso mata a gefen hanci. Aka ce zafi ne. Zafi ya wuce, damina ta zo ta tafi, suna nan, sai ma ƙaruwa da suka yi suna bazuwa kan kumatu biyu. Babu abin da ba a gwada ba: sabulun salo, man kaɗanya, rubutun sha daga gidan kakanni, da wani mai a kwalba da wata maƙwabciya ta rantse da shi. Da ta kai sha ɗaya, wasu sun kai ƙwayar dawa, in ta goge fuska da tawul sai jini. Yarinyar da a da ba a iya rufe mata baki ta koma ta ja hijabi har kan hanci, a aji ta zaɓi bencin baya.

Hajiya Atika, yayar Abdulshakur, ita ce babba a gidan tun bayan mahaifiyarsu, kuma Allah ya yi mata baki. A wani taron suna ta dubi yarinyar ta ce, yadda kowa zai ji, "Mu dai gidanmu ba mu san abin ga ba. In ka ɗebe aganar da tat taɓa Inna, huskokinmu sumul suke. A dai bincika can wajen masu noman shinkahwa."

Wasila ta zo Dundaye ta yi kukanta a ɗakin uwarta. Dijatu ta ba ta haƙuri, ta haɗa mata da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta raka ta bakin titi. Amma tun ranar da ta fara ganin jikarta a hasken taga, da jan nan a lungun hanci, ta san inda ta taɓa ganinsa, kuma tun daga ranar ba ta iya kallon yarinyar ido cikin ido. Abin ya dame ta ƙwarai, don Zakiyya ta lura, har ta taɓa tambayar uwarta ko Inna ma ƙyamarta take yi.

Da aka ba su ranar ganin likitar fata a babban asibiti, Wasila ta roƙi uwarta ta raka su. Likitar, Dakta Sadiyatu, mace ce siririya mai magana a hankali. Ta duba fuskar da gilashi, sannan ta sa Zakiyya ta tuɓe riga a bayan labule. Dijatu na zaune a kujera tana hango bayan yarinyar ta gefen labulen. Fararen tabo biyu ne, dogaye masu tsini. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Likitar ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogon suna da bai zauna a kan kowa ba, sannan ta ce, "Abin ga ba sammu na ba, ba kuma ƙazanta ba. Cikin jini shike. Wani sa'i shi kan hwara ga yaro haka nan, wani sa'i gado na daga uwa ko uba. Huskar ba ta ban tsoro. Manyan mu ƙone su da na'ura, ƙananan akwai man da za a haɗa mata ta riƙa shahwawa, ta kiyayi rana. In an daina shahwawa suna iya dawowa, amma za ta ga sauƙi sosai."

Wasila ta saki ajiyar zuciya. Likitar ba ta gama ba.

"Abin da nika tsoro shi na ciki. Irin tsiron ga shi kan hito ga ƙoda, babu ciwo babu alama, shi yi ta girma shekara da shekaru. Rana guda sai shi hwashe, jini shi zuba ciki. In an gani da wuri akwai magani. Don haka za mu ɗauki hoton cikinta da na kanta, ku ma iyaye sai an duba ku."

Ta duba Wasila daga kai har ƙafa, har da wata fitila mai shuɗin haske, ba ta ga komai ba. Sannan ta juyo ga Dijatu.

"Inna, ku da kunka daɗe, ko kun san wani cikin dangi, naku ko na uban, mai irin ƙurajen ga, ko hwararen tabo ga jiki, ko hwarhwaɗiya? Ko wanda ciwon kwiɓi yak kashe hwarat ɗaya?"

Dijatu ta dubi carbin hannunta. Ta ce, "Allah shi am masani, ɗiyata." Ba ta yi ƙarya ba, kuma ta san ba ta amsa ba.

Hoton cikin Zakiyya da na kanta suka fito ba abin tashin hankali, sai dai za a riƙa maimaitawa. Aka sa ranar ƙona manyan. Dijatu ce ta riƙe mata hannu, don Wasila ba ta iya ganin jini. Aka shafa maganin kashe zafi, aka rufe wa yarinyar ido da wani abu baƙi, na'urar ta riƙa yin ƙara kaɗan-kaɗan, ƙaurin fata na tashi. Zakiyya ba ta yi kuka ba, ta dai matse yatsun kakarta har suka sage. Da aka gama likitar ta ce a sa mata ɗan ruwa a goge gefen fuskar, Dijatu ta karɓi audugar don hannunta ya saba. Yarinyar na kwance a miƙe, ido a rufe, hannuwa a gefe, kuma duk inda aka ƙone ya bar ɗan rami. Dijatu ta fara daga dama, kamar yadda take farawa kullum, sai ta ga ba jikarta take gogewa ba, gawar Hajiya ce. Audugar ta faɗi daga hannunta. Ta ce jiri ne, aka ba ta kujera.

Ramukan suka cike cikin 'yan makonni, man ya fara aiki, jan ya ragu. Zakiyya ta soma sassauta hijabi. Saura abu ɗaya, Abdulshakur ya ƙi zuwa asibiti. Mutumin kirki ne, ma'aikacin gwamnati mai fita da safe daga unguwar Arkilla ya dawo da la'asar, amma taurin kai ya gada. Ya ce shi fuskarsa ga ta nan kowa na gani, ko ƙurjin balaga bai yi ba, kuma ba zai je a tuɓe shi a haska shi da fitila a kan abin da kowa ya san ba daga gidansu yake ba. Wannan ƙarshen bai faɗe shi a gaban Wasila ba, amma ya iso kunnenta.

Dijatu ta yi kwanaki tana kai da kawowa da zuciyarta. Ta ce wa kanta likita ma ta ce wani lokaci abin haka nan yake farawa. Ta ce wa kanta gorin Atika ba ya kisa, Wasila za ta jure. Ta yi tunanin zuwa wajen malami ta yi tambaya, sai ta ga duk malamin da za ta je wa a garin nan ko ɗan'uwan Hajiya ne ko almajirin mijinta, kuma tambayar kanta tonon asiri ce. In ta rufe ido a kan sallaya sai ta ji hannun Hajiya a kan nata, da sanyinsa, da yadda ta ce ke ɗai.

Ranar wata Alhamis tana gidan Wasila, tana tsince shinkafa a baranda, Abdulshakur ya dawo daga aiki. Ya buɗe ƙofar mota, ya sauko da ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Ya dafe kwiɓinsa na hagu, ya cije leɓe, ya daɗe a haka kafin ya miƙe. Bai san ana kallonsa ba.

"Tun yaushe shika yin hakanga?" ta tambayi Wasila.

"Ya kai wata biyu. Ya ce zaman ofis na."

Dijatu ta ajiye faifan. Ta ce wa Wasila ta kwashe yara su shiga maƙwabta, ta kuma gaya wa Abdulshakur Inna na son ganinsa. Wasila ta dube ta da mamaki, don a shekara goma sha biyu na auren nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa uwarta da surukinta, ita ma daga nesa.

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya cire hula ya mayar. Ita tana kan tabarma, ta ba shi gefe, tana kallon bango.

"Malam, magana za ni yi maka wadda ban taɓa yi ma kowa ba. In na gama, kar ka ce mani komi, ka dai tai asibiti gobe."

"To, Inna. Ina jin ku."

Ta faɗa masa. Ta fara da fuskar, ta bi da bayan, da ƙugun, da farcen, ta ƙare da cikin da ya kumbura ta hagu. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kowace kalma ji take kamar tana yaye likkafanin da ita da kanta ta ɗaure.

Can ya ce, "Inna, ita tac ce ku hwaɗi in bukata ta taso?"

Da ta ce e, da ya samu sauƙi, ita ma haka. Ta ce, "A'a. Don kar a sani tak kira ni."

Ya tashi ya fita ba sallama. Washegari bai je ofis ba.

Hoton ya nuna tsiro a ƙodarsa ta hagu, ya kusa girman goriba, da wasu ƙanana a ta dama. Likitocin suka ce ya zo a kan gaɓa, suka ɗora shi a kan magani, suka sa masa ranar wani aiki na toshe jijiyar da ke ciyar da tsiron. Suka kuma ce duk wanda suka fito ciki ɗaya da shi ya zo a duba shi. Dole ya je babban gida ya yi bayani, dole kuma aka tambaye shi inda ya ji.

Maganar ba ta kwana biyu ba ta iso Dundaye. Ba wanda ya zagi Dijatu, ba wanda ya daina gaishe ta. Wasu ma cewa suka yi ta ceci rai. Amma da matar mai unguwa ta rasu, sai aka ɗauko wata mai wanka daga Wamakko. Da wata tsohuwar maƙwabciyar Dijatu ita ma ta rasu, katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana ji ana zuba ruwa, ba a aiko ba. Ba ta ga laifinsu ba. Ita ma da tana da abin ɓoyewa a jikinta, da ba za ta so hannun da ya taɓa buɗe na wata ba. Abin da ya fi cin ta shi ne in ta yi wa Hajiya addu'a bayan salla, sai ta rasa da wace fuska za ta ambaci sunanta.

Wata Talata da hantsi tana shanya barkono, ta ji keken haya ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya Atika ce ta yi sallama, ita kaɗai, ba 'yar rakiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun da aka yi auren ma sau ɗaya ta taɓa taka gidan. Dijatu ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa ta shirya jin abin da ya kawo ta, don ta san bakin, kuma tana ganin ta cancanci duk abin da zai fito daga cikinsa.

Atika ba ta zauna ba. Ta ce, "Inna Dije, mu shiga ɗaki."

Suka shiga. Atika ta tura ƙyaure da kanta ta sa sakata. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana murza bakin hijabinta, babbar mace mai shekara arba'in da takwas, wadda ƙannenta ke tsayawa in ta shigo.

"Na yi hushi da ke," ta ce. "Har yau ban huce ba. Uwata ta, ta ba ki amana."

"Haka na."

"An ce in tai asibiti. Ban iya zuwa in tsaya gaban yaran ga su haska ni, ban san abin da za su gani ba. Ni ban taɓa ganin bayana ba. Baban yara ya taɓa ce mani akwai wani hwari-hwari, nic ce ƙyasbi na." Ta ɗago ta dubi Dijatu. "Ke ɗai kin san yadda na Inna suke."

Ta cire hijabin ta ninke ta ajiye a kan gado. Ta zare riga. Ta duba inda za ta zauna, sai kawai ta kwanta a kan tabarmar ƙasa, ta gefe guda, ta juya fuskarta ga bango, ta rufe ido.

Dijatu ta daɗe a tsaye. Mata da yawa sun kwanta a gabanta haka, amma ba ta taɓa ganin haƙarƙari na ɗagawa yana sauka ba. Ta buɗe taga kaɗan don haske ya shigo, ta durƙusa, ta yi bisimilla. Fatar da ɗumi, har Atika ta ɗan zabura da yatsun suka taɓa ta. Ba sai ta nema ba. Ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar dama, biyu a gefen ƙashin baya, dogaye masu tsini. Ta gangara da hannu zuwa ƙugu, ta ji kaushin kafin ta gan shi.

Ta ja zane ta rufe ta har wuya, ta bar hannunta a kan kafaɗar.

"Akwai?" in ji Atika, ba ta buɗe ido ba.

"Akwai."

Kafaɗar ta fara rawa a ƙarƙashin hannunta. Dijatu ta bari sai da ta lafa, sannan ta tambaye ta a hankali, "Ɗiya nawa gare ki yanzu?"

"Bakwai," in ji Atika. "Babbar na da ciki wata shida."